Jirgin fiton da na ɗauki Inna a ciki daga Yauri

Ƙanwata ta haihu a wata tunga da ke hayin ruwa, cikin ƙasar Agwara ta Jihar Neja, inda mijinta ke koyarwa a firamare. Ni da na so a aika da kayan barka kawai, a jira ta yi arba'in ta zo gida. Inna ta ce ba ta san wannan zance ba. Tsohuwa ce da ta ba saba'in baya, ga ciwon gwiwa, kuma tun da take ba ta taɓa sa ƙafarta cikin jirgin ruwa ba, amma jikanta na fari ta wajen auta ne, wa ya isa ya hana ta? Haka na rufe shago na zama ɗan rakiya. Tun da muka dawo mutum uku sun tambaye ni yadda fiton yake da irin jirgin da ya kamata a shiga, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya in huta.

Mun bar Sakkwato bayan sallar asuba, cikin sanyin hunturu. Hanyar ba ɓoyayya ba ce: Tambuwal, Jega, Maiyama, Koko, sai Yauri. Ita ce dai babbar hanyar da ta zarce Kontagora da Mokwa da Jebba har Ikko, don haka tireloli ba sa ƙarewa a kanta, na shanu da na albasa da na hatsi, kuma duk inda kwalta ta fashe su ne da hanya, kai ƙaramar mota sai ka raɓe. A Jega muka tsaya Inna ta miƙe ƙafa, aka sha shayi. Wani abu da baƙo ya kamata ya sani: in ka ce Yauri a tasha, garin Yelwa za a kai ka, nan ne fadar Sarki take, nan ne kasuwa da bakin ruwa. Birnin Yauri tsohon gari ne daban. Wata mata da muka shigo mota ɗaya ta rikita biyun, sai da direba ya yi ta yi mata bayani tana musu.

La'asar ta yi mana a Yelwa. Na yi niyyar mu wuce kai tsaye mu ƙetare a ranar, surukina ya kira ya ce kada in kuskura, mu kwana. Muka kwana gidan wani abokin cinikina da nake sayen busasshen kifi a hannunsa.

Wataƙila wani ya ce me ya hana ku zagaya da mota. Nan ne gizo ke saƙar. Daga gadar Tuga da ke can arewa a ƙasar Bagudo har zuwa madatsar Kainji a kudu, babu gada a kan kogin Kwara. Ko ka koma baya ka hau ta Tuga, ko ka gangara har Kainji ka bi ta Sabuwar Bussa sannan ka sake hawowa arewa ta cikin daji, wuni guda cur a hanyar da ba kowa ke son bin ta da tsohuwa ba. Mutanen Agwara na Jihar Neja ne a takarda, amma kasuwarsu da asibitinsu da sayen maganinsu duk Yauri ne, ruwa ne titinsu. An daɗe ana kiran a yi gada tsakanin Zamare ta ɓangaren Yauri da Rofiya ta ɓangaren Agwara, har yau dai fito ake yi.

Da safe muka sauka bakin ruwa. Hazo ya rufe hayin gaba ɗaya, ka rantse teku ce. Jirage sun jeru da hancinsu cikin laka, manya da ƙanana, wasu ana sauke buhunan albasa, wasu ana loda siminti da kwanon rufi da jarkokin fetur da babura. Ƙamshin ƙosai na gauraye da ƙarnin kifi da hayaƙin inji. Mata na soya kifi a gefe, ga ƙarfasa, ga tarwaɗa, ga kurungu, ga tarin warangi an shanya a kan tabarma yana walƙiya. Hausa ce harshen ciniki, amma in ka kasa kunne za ka ji Gunganci da Kambarci da Nufanci na tashi nan da can. Ba mu gama sauka daga keke ba 'yan kamasho suka yi mana caa, wannan ya fizge jaka, wancan ya ɗauki ƙullin Inna ya yi gaba. Da kyar na karɓo kayanmu. Shawarata ta farko ke nan: riƙe kayanka da hannunka har sai ka ga jirgin da idonka ya kwanta da shi, domin wanda ya ɗauki jakarka shi ya zaɓa maka jirgi.

Surukina ya riga ya kwatanta mini wanda zan nema. Ya ce dattijo ne Basarke, ba shi da surutu, jirginsa ba shi ne ya fi kyau ba kuma ba shi ne ke fara tashi ba. Na same shi zaune a gindin inji yana goge fulogi da tsumma. Jirgin katako ne dogo, fentinsa ya koɗe, an yi masa faci da kwalta a wurare biyu da na gani, injin Yamaha a baya. Gaskiya da farko raina bai so ba, don kusa da shi akwai wani sabo fil mai rumfa, ya kusa cika, yaransa na ta kiran saura mutum biyu. Na ce, "Baba, yaushe za ka tashi?" Bai ɗago ba ya ce, "In hazo ya ɗaga, Malam." Na ce wancan fa ga shi zai tafi. Ya ce, "Allah ya kai shi lafiya."

Shiga jirgin shi ne abu na farko da ya ɓata mini rai, kuma ba laifin mai jirgi ba ne. Inda muka shiga babu wani dakali ko matakala. Katako ɗaya ne siriri aka gicciya daga tudu zuwa bakin jirgi, ƙarƙashinsa laka da ruwa. Inna ta dubi katakon, ta dube ni, ta ce, "Ba ni hawa wanga abu." Ina tsaye ina lallashi, sai dattijon ya ajiye fulogi ya taso. Ya naɗe wandonsa ya shiga ruwan har gwiwa, cikin wannan sanyi, ya sa yaronsa ya ƙara katako na biyu, shi ya tsaya a ƙasa ya miƙa mata kafaɗarsa. Ya ce, "Hajiya, dafa nan. Kada ki dubi ruwa, dubi ɗanki." Taki ɗaya-ɗaya har ta shiga. Ya kai ta tsakiyar jirgi inda girgiza ba ta da yawa, ya ninke wani tsohon buhu ya shimfiɗa mata a kan benci, ya ce wa wani saurayi ya matsa can baya. Ko sisin kwabo bai nema ba a kan wannan.

Muna zaune ana ta lodi, sai ga abin da ya sa na rubuta wannan duka. Wani ɗan kasuwa ya iso da amalanke biyu na buhunan taki, yana so a ƙetare masa da su. Aka fara lodawa. An sa shida sai dattijon ya leƙa gefen jirgi ya ɗaga hannu. Na leƙa ni ma. Ashe akwai wata ƙusa mai faɗin kai da ya kafa a jikin katakon daga waje, ƙasa da baki da kamar taƙi guda, ya shafa mata jan fenti. Ruwa ya zo daf da ita. Ya ce a tsaya nan. Mai taki ya ce saura shida, Baba, ai ka san ni. Ya ce ya san shi. Mai taki ya ce zai ninka kuɗin. Ya ce, "Alhaji, ƙusar ba ta jin Hausa." Aka yi dariya, mai taki bai yi ba. Ya yi faɗa, ya kira ɗan kamasho, ɗan kamasho ya zo yana cewa Baba kullum kai ke nan, dubi jirgin wane ya fi wannan nutsewa kuma lafiya lau yake zuwa yana dawowa. Har wasu fasinjojin namu suka sa baki, wai a taimaka wa bawan Allah, ai da rabon a mutu ko a gado ma sai a mutu. Dattijon ya bar su suka gama, ya ce wanda ke son jirgin wane ga shi can, zai mayar masa da kuɗinsa. Babu wanda ya tashi. Buhu shida suka koma kan amalanke.

Na yi shekaru ina shiga motocin haya, na san yadda ake cusa mutum huɗu a kujerar mutum uku, kuma ni kaina na sha roƙon direba ya ƙara mini kwali ɗaya. Ban taɓa ganin mai abin hawa ya ga kuɗi a tafin hannu ya juya baya haka ba, ba jami'i a kusa, ba kowa.

To amma kada in yabi ɗan kuturu har ya shekara arba'in da yatsa, akwai inda jirgin ya gaza. Rigunan kariya da ya fito da su daga ƙarƙashin benci ba su kai rabin mutanen da ke ciki ba. Irin ruwan lemon nan ne da hukumomi suka rarraba a garuruwan bakin ruwa a 'yan shekarun nan, amma sun sha rana sun sha ƙasa, wasu maɓallansu sun karye sai dai a ɗaure da igiya, kuma babu ko ɗaya ta yara alhali akwai yara biyar a jirgin. Ya ba mata da tsofaffi tukuna, mu maza muka tashi a tutar babu. Abin mamaki, cikin waɗanda aka ba ma wasu zama suka yi a kai, sun samu matashi. Wata ta ce sa rigar kamar kiran abin ne. Inna kuwa ta sa tata a kan hijabi, ta ce in ɗaure mata tamau, ta zauna kamar sojan da za shi yaƙi. In na sake zuwa da iyali, zan sayi namu tun daga gida.

Sai wajen ƙarfe tara da rabi hazo ya yi sauƙi muka tashi. Mun yi zaman jira fiye da awa biyu. Wanda ke sauri wannan jirgi ba nasa ba ne.

Da muka rabu da gaɓa na fahimci dalilin yaron da ke zaune a hancin jirgi riƙe da doguwar gora. Ba tuƙi yake ba, ido ne. Yana duban ruwa, wani lokaci ya nuna dama ko hagu da gorar ba tare da ya waiwayo ba, dattijon ya karkata. Ni ban ga komai ba sai ruwa. Sai da muka wuce kusa da wani baƙin abu da ya ɗan leƙo kamar kan kada, sannan na gane kututture ne. Wannan ruwa da muke kai da can ƙasa ce, gonaki da garuruwa da kurmi. An fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968, ruwa ya taru ya yi baya ya zama tafki mai tsawon kusan kilomita 135, Yauri na can kansa na arewa. An tashi mutane kusan 44,000 aka sake musu matsuguni, tsohuwar Bussa ta nutse ɗungurungum, wurin da Baturen nan Mungo Park ya halaka a 1806 bayan ya wuce ta Yauri. Itatuwan da ba a sare ba suna nan tsaye a ƙarƙashi sama da shekara hamsin, sun bushe sun yi tauri kamar ƙarfe. Jirgin katako mai nauyin kaya in ya hau kan ɗaya da gudu, tsagewa yake.

Na matsa baya kusa da dattijon, duk da hayaƙin inji, don in ji daga bakinsa. Ba mai yawan magana ba ne amma in an tambaye shi ruwa yana amsawa. Ya ce ruwan Kwara sau biyu yake zuwa a shekara. Akwai na damina mai laka, wanda ruwan saman ƙasarmu ke kawowa. Akwai kuma wanda ke isowa cikin hunturu, baƙi mai tsabta, wanda ya taso tun daga duwatsun Gini ya ratsa Mali da Nijar, ya yi watanni a hanya ya zubar da lakarsa kafin ya iso. Shi muke kai a ranar, tafki a cike. Ya ce lokacin da ya fi tsoro shi ne in ruwa ya ja baya, daga bazara zuwa farkon damina, domin kututturan da ke can ƙasa sai su matso su tsaya daf da fuskar ruwa, ba su fito an gan su ba, ba su nutse an wuce ba. Ga kuma hadarin yamma da ke tasowa ba sallama. Muna wuce wani wuri ya nuna da haɓa ya ce nan ƙasa akwai tsamiyar da mahaifinsa ke ɗaure jirgi. Na duba, ruwa ne kawai da wata farar balbela tana wucewa.

Tafiyar da kanta tana da daɗin kallo in zuciyarka ta kwanta. Gungu bayan gungu, fadamun albasa kore shar har bakin ruwa, mutane na ban-ruwa da ƙananan injuna. Masunta cikin kwale-kwale suna jefa birgi, wasu na duba mamari. Wani yaro da bai wuce shekara goma ba ya wuce mu shi kaɗai da filafili, ko a jikinsa. Wani fasinja ya ce akwai dorina a wani lungu da muka gitta, in ta fito cikin dare gonar shinkafa ta shiga uku. Ban gan ta ba, ban kuma yi baƙin ciki ba.

Mun yi kamar rabin tafiya inji ya yi tari sau biyu ya mutu. Shiru ya sauka, ba ka jin komai sai ruwa na bugun katako. Inna ta damƙe hannuna, tana ta Hasbunallahu wa ni'imal wakil. Wata mata ta fara kuka. Dattijon bai ce uffan ba. Ya ɗago injin, sai ga tsohuwar koma ta nannaɗe farfela tare da kainuwa. Ya zaro wuƙa daga ƙugu ya shiga yanka a hankali, yaron gaba ya kafa gora ya riƙe hancin jirgi yana fuskantar iska don kada igiyar ruwa ta buge mu ta gefe, ƙaramin yaron kuma ya ci gaba da kwarfe ruwa da yankakkiyar jarka kamar yadda yake yi tun da muka taso. Abin da na lura, ragowar komar da ya yanko bai jefa ta ruwa ba, cusa ta ya yi ƙarƙashin benci. Minti goma, ya ja igiya sau uku inji ya kama. Sai a lokacin ya ce, "Hajiya, yi haƙuri, mun tsorata ki." Inna ta ce, "Allah shi yi maka albarka, ɗan nan," shi da furfurarsa.

A cikin wannan minti goma ban tuna komai ba sai Wara. Ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgi da ya taso daga Jihar Neja ya nufi Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski, ya tsage a tsakiyar wannan ruwa. Mutanen ciki sun haura 150, waɗanda aka ceto da rai kusan 20 ne. Duk wanda ka tambaya a bakin ruwa ya san wani da ya tafi a ranar, ko a wani hatsarin da ya biyo baya. Ina zaune ina kallon tazarar da ke tsakanin bakin jirginmu da jar ƙusar nan, ina lissafin buhu shida na taki.

Mun isa kafin azahar. Saukar ma laka ce, sai da aka sake dafa kafaɗa.

Kuɗin fito ya ɗan ɗara na sauran jiragen, dattijon kuma ya faɗa mini haka tun kafin mu shiga. Ban yi ciniki ba, lissafin a bayyane yake: man da zai sha ɗaya ne, kayan da ya ɗauka sun fi kaɗan. Kowa a bakin ruwa na kukan fetur tun da aka cire tallafi a 2023, kuɗin fito ya bi shi sama, kuma a ganina wannan na cikin abin da ke ƙara tura masu jirage ga yawan lodi. Ka zo da tsabar kuɗi, canji ƙanana. Na gwada tura kuɗi ta waya, sabis ya ƙi, a hayin kuwa sai ka hau tudu kafin kira ya shiga. Jirgin ba shi da rumfa, rana ta gasa mu a ƙarshen tafiya, Inna ta dawo da ciwon kai. Bencin katako ne tsirara. A inda muka jira ban ga makewayin da mace za ta shiga ba, sai da matar mai shayi ta taimaka ta kai Inna gidansu. Ka zo da lema, da ruwan sha, da leda ta naɗe waya da takardu, ka kuma guji zaman baya in hayaƙi na sa ka amai.

Ranar dawowa ne muka yi 'yar tsama da shi. An yi suna, aka ci aka sha, mata suka riƙe Inna da hira, ba mu sauko bakin ruwa ba sai bayan la'asar sakaliya. Na riga na yi masa magana ya jira mu, ya kuwa jira. Amma da ya dubi rana ya ce ba ya tashi. Na ce Baba ga gari da haske, awa ɗaya da 'yan mintoci ne. Ya ce in inji ya yi abin da ya yi shekaranjiya, magariba za ta same mu a tsakiya, yaronsa kuma ba ya ganin kututture da tocila. Na ce ina da kaya da za a sauke mini a shago gobe. Ya ce, "Malam, dokar ma ta hana tafiyar dare, amma ni ba don ita ba." Wani jirgi ya tashi a gabanmu cike da 'yan kasuwa, na tsaya ina kallonsa har ya shige, raina a ɓace. Muka koma tunga muka ƙara kwana, na yi asarar wuni, mai kawo mini kaya ya kira sau huɗu yana mita. Jirgin nan da ya tafi ya isa lafiya, na tambaya washegari.

Da safe shi ya fara isa, ya shimfiɗa buhun Inna a wurinta na tsakiya. A Yelwa ta kwance bakin zanenta ta ba yaron gora da mai kwarfe ruwa abin da ya sawwaƙa, shi kuma ta ba shi goro uku fari, ya karɓa da hannu biyu. Na sayi kwali ɗaya na banda da ɗan buhun albasa muka nufi tashar Sakkwato. In ka je, ba sai ka nemi suna ba, bi jiragen ɗaya bayan ɗaya kana leƙa gefensu. Mun wuce Koko Inna na gyangyaɗi, sai ta farka ta ce in an tashi yaye ita za ta je ɗauko yaron, in gaya wa mai ƙusa.